Neman Ƙumar Kaji a Ƙasar Benin

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ban ji daɗinta ba. Wanda duk ya ce maku na je Benin na ci kaji na dawo, gaskiya ya faɗa, amma ya bar sauran. Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna teburin mai shayi, tambaya. In na fito masallaci, tambaya. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa, a bar ni in huta.

Yayata Kulu ce ta jawo mini. Tana da ɗiya, Luba, da ke karatu a jami'a. Shekara da shekaru muna jin tana karatun halittu, ni na ɗauka likita za ta zama ta riƙa duba mu kyauta. Ashe ƙumar kaji take karantawa.

Ita ba ta yarda a ce ƙuma ba. Mu nan Bagudo duk abin da ya hau kaza ya sa ta susa, ƙuma ne, magana ta ƙare. Luba ta ce a'a. Ƙuma tsalle take yi, ƙafarta shida. Kwarkwatar kaji ma ƙafa shida. Nata ƙwarin ƙafa takwas gare su, dangin kaska ne da gizo-gizo, kuma wasunsu sai ka ƙura ido za ka gan su kamar an barbaɗa barkono. Su ma ba gida ɗaya ba ne. Akwai masu zama tsakanin gashin fiffike suna cin maiƙo da datti. Akwai masu shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafa har ƙafar kaza ta koma kamar ɓawon ice. Akwai masu zama cikin hancin tsuntsu. Sannan akwai masu shan jini, su ma kashi biyu: wasu ɓoyewa suke yi a tsagar bango sai duhu ya yi su fito, wasu kuwa a jikin kazar da sheƙarta suke zama, a nan suke haihuwa.

Na ce, "To, in kin kama su, ta ina kike gane wane ɗan gidan wane ne?"

Ta ce, "Sai an sa su a madubi mai ƙara girman abu, Kawu. A ƙirga gashin bayansu, a duba fasalin wani ɗan faranti da ke wajen duburarsu."

Na dubi Yaya, na ce, "Kin ji abin da kika sayar da shanu a kansa."

Yaya ta ce, "Kai mi kas sani? Tashi ka duba mashin ɗinka."

Ga abin da ya faru. Luba ta tara na wannan gefen, daga Geza nan kusa da mu har Kurgu, amma malaminta ya ce ba zai sa hannu a aikinta ba sai ta kawo masu shan jinin nan daga ƙetaren iyaka, a gwada a gani ko iri ɗaya ne da namu. In ba ta kai ba kafin su rufe karɓa, shekara ta tafi, sai ta sake. Ni kuwa ina da mashin, kuma da can na yi fataucin busasshen kifi zuwa wajen Segbana, ina da aboki a wani ƙauye can, Sabi. Yaya ta haɗa waɗannan biyu a kanta, ta yanke hukunci. Ba a tambaye ni ba.

Muka tashi da safe, farkon damina, an yi ruwan fari an shuka, ana jiran na biyu. Ta ɗaure akwatin roba a baya, cike da 'yan kwalabe kamar na turare, da sifirit na ajiye ƙwarin, da farin tire, da buroshi siriri, da gilashin dubawa. Muka haye kogin Kwara a gadar Tuga. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta sace. Na tura mashin, ita tana bina a baya tana kallon belbela a bayan shanu, tana cewa da za ta samu ɗaya a hannu.

A Kaoje, mai faci yana aikinsa, sai na waiga ban gan ta ba. Na same ta wajen masu kaji ta riƙe wata kaza, ta ɗaga mata wutsiya tana hurawa. Mai kajin, wani dogo mai hula ja, yana ta murmushi, ya ɗauka ciniki ne. Da ta goga buroshi a kan tire, abubuwa suka fara tafiya, sai matan da suka zo sayen kaji suka leƙa, suka ja da baya, suka koma wajen maƙwabcinsa.

Ya ce mini, "Malam, wagga ɗiyarka ce?"

Na ce, "Ɗiyar yayata ce."

Ya ce, "To ɗauke ta. In kuna da gaba da ni ku hito hili."

Luba ta ce masa ya riƙa zuba toka a kejin. Ya ce ta je ta zuba a gidansu. Muka wuce.

Daga Kaoje zuwa Tsamiya ba abin faɗi sai ƙugu da ya gaya mini shekaruna. A nan iyaka take. A wajen namu ba a tsare mu ba, sun ga takardarta ta makaranta. Da muka shiga wajen su, wani jandarma siriri, wato ɗan sandansu, ya sa aka buɗe akwati. Ya ɗauki kwalbar sifirit, ya shinshina, ya dube ni, ya dubi carbin da ke hannuna. Ban ji Faransanci ba, amma na ji wannan kallon. Na ce masa ba sha ake yi ba, gawar ƙwari ake sawa. Wani mai canji da ke zaune a inuwa ya fassara, ya ƙara da nasa, don sai da suka yi dariya. Luba ta ɗauko ɗaya daga cikin na Kaoje, ta miƙa wa jandarman da gilashi. Ya duba ya daɗe. Da ya ɗago, ya mayar mata da gilashin da yatsu biyu, ya goge hannunsa a wando, ya yi mana alama mu wuce da sauri.

A Segbana muka ci abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa yana yanka dasashi, cikinsa iska. Mai shayinsu gahawa yake ba ka a kwano, ya malala madara har cokali ya tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki, rana na take tsaka sai gari ya mutu. Masu ofis su rufe, masu shago su kwanta, sai wajen la'asar a farfaɗo. Mu a gida mai shago ko barci yake yi ido ɗaya na kan hanya. Na ce wa Luba wannan al'ada ita kaɗai zan ɗauka in kai gida.

Muka isa ƙauyen Sabi da yamma. Ya tsufa, ya rame, amma bakin yana nan. Gaisuwarsu ba irin tamu ba ce. Mu muna tambayar gida da gajiya da ruwa, mu tashi. Su kuwa durƙusawa ake yi, kowa ya dubi ƙasa, a yi ta gunji a maƙogwaro ana amsa wa juna, kamar kurciyoyi biyu a reshe. Matarsa, Inna Bake, ta durƙusa, ni ma na durƙusa, sai gwiwata ta ƙi tashi. Sai da Sabi ya kama ni.

Muna shan ruwa wani zakara ja ya ratsa tsakar gida, ƙafafunsa sun yi kirci. Luba ta miƙe tsaye. Ta ce, "Baba, wancan zakaran, za a iya kama mini shi?"

Sabi ya yi murmushi har kunne. Ya ce, "Ɗiyata, zauna ki huta. An gama."

Muka yi alwala, muka yi salla. Da muka dawo aka ajiye mana sakwara da miyar gyaɗa, ga zakara a kai, an yanka shi gunduwa-gunduwa. Luba ta ruga bayan ɗakin girki. An tsoma shi a tafasasshen ruwa kafin a fige, gashin kuma an watsa a murhu. Ta dawo ta zauna. Ni dai na ci. Zakaran ya riga ya mutu, kuma miyar ta yi daɗi.

Da safe na ja Sabi gefe. Na ce, "Sabi, ka saurare ni. Ba nama ya kawo mu ba. Yarinyar nan ƙwarin jikin kaji take nema. Kajin da ransu take so, ta duba ta sake su. Kada ka sake yanka mana komai."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawa, ka cika kunya. Tun muna samari haka kake."

A nan matsalar take. A wurinsu, kamar a wurinmu, baƙo mai tarbiyya dole ya ce kada a wahala, mai gida mai mutunci kuma dole ya ƙi ji. Duk yadda na ƙara rantsuwa, shi gani yake yi na ƙara ladabi. Ni kaina sau nawa baƙo ya ce mini ya ƙoshi na tura masa kwano? Ba ni da wata kalma da ta rage wadda ba a riga an ɓata ta da kara ba.

Ya dai kamo zabuwa da ranta, ya miƙa wa Luba. Ta taje ta tsaf, wuya, ƙarƙashin fiffike, gindin wutsiya. Kwarkwata kawai ta samu, masu ƙafa shida, ba su take nema ba. Ta saki zabuwa, ta yi godiya. Da azahar zabuwa ta dawo cikin kwano.

Na ce, "Sabi, mi munka yi da kai da safe?"

Ya ce, "Ai na ga yadda take tattaɓa ƙirjinta. Ta iya zaɓe. Abin da baƙo ya taɓa da hannunsa, a mayar da shi cikin garke? Kana so a yi da ni a garin nan?"

Agwagwa ta bi bayan zabuwa. Ita ko taɓa ta Luba ba ta yi ba, kallo kawai ta bi ta da shi.

Sai muka ce bari mu shiga maƙwabta. Ashe labari ya riga mu. Su ma al'adar ta hau kansu: in baƙon Sabi ya shigo gidanka ya yaba kaza, ka san abin da ya rage. Don haka duk gidan da muka yi sallama, a durƙusa, a yi gunji, a kawo ruwa, amma babu kaza ko ɗaya. Ga kashin kaji a tsakar gida ɗanye, ga kaskon ruwansu, amma wai annoba ta kwashe su bara. A wani gida muna cikin gaisuwa zakara ya yi cara daga cikin rumbu. Mai gidan ko gezau, ya ci gaba da gunjinsa.

Kullum da yamma hadari yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Akwai wani rafi tsakanin ƙauyen da babbar hanya, in ruwa mai ƙarfi ya sauka mashin ba ya ƙetarewa sai ya janye. Luba ta daina cin abinci sosai. Na same ta zaune bayan ɗaki da akwatinta a gaba, kwalaben Benin duk babu komai ciki sai sifirit.

Ta ce, "Kawu, in na koma haka, me zan ce wa Innata?"

Na ce, "Ki zuba na Kaoje a ciki mana. Wa zai tambaye su takardar shiga ƙasa?"

Ta dube ni irin kallon uwarta. Na ce wasa nake yi. Ba wasa nake yi ba, amma na bar maganar.

Ana haka ta shiga wani ɗan ɗakin ajiya neman tsintsiya, ɗaki mai sanyi da Inna Bake ke ajiye tukwane da buhunan dawa. Sai ga ta ta fito da sauri, ta yi mini raɗa: akwai kaza a bayan buhu tana kwanci, kuma ta ga abin da take nema yana yawo har a kan ƙwai. Ta je ɗauko akwati. Tsautsayi, a daidai lokacin mai gari ya aiko yana son ganin baƙi, ni da ita duka. Ba a ce wa mai gari ya jira a taje kaza. Muka tafi, aka durƙusa, aka yi gunji mai tsawo na manya.

Da muka dawo babu kaza, babu ƙwai, babu Inna Bake. An share bayan buhun tas, ciyawar sheƙar tana hayaƙi a murhu. Ashe tsohuwar ta ga fitowar Luba daga ɗakin, ta kuma san mijinta. Kazarta ce ta ƙarshe. Ta sa ta a hammata, ta zuba ƙwan a ƙwarya, ta bi ta gona zuwa ƙauyen ƙanenta. Ban ga laifinta ba. Da ni ne kazar, da haka zan so a yi mini.

Luba ta shiga ɗakin baƙi ta rufe ƙofa. Sabi yana ta faɗa da yarensu shi kaɗai, an kunyata shi gaban baƙi. Ni kuwa kaina ya yi zafi, ga rana, ga cikina ya yi nauyi da agwagwa. Na ce gobe da safe za mu juya, ruwa ko ba ruwa, abin da Yaya za ta yi ta yi. Na ɗauki tabarma na nemi wuri mafi sanyi a gidan, wato ɗakin ajiyar nan. Na shimfiɗa a bayan buhu, inda aka share, na yi matashi da hulata, na ce bari in gwada al'adar mutanen Segbana.

Abin da ban sani ba, tsintsiya ba ta kwashe su. Suna cikin ƙasa da bakin buhu, an ɗauke masu kazarsu, suna neman abu mai ɗumi da jini. Sai ga ni.

Ƙaiƙayi ya tashe ni. Wuya, bayan kunne, cikin gemu, hammata, ko'ina abu yana tafiya. Na fito haske na dubi farar rigata, ta koma kamar an yayyafa mata yaji, kuma yajin yana motsi. Na yi salati na nufi rijiya da gudu, ina tuɓe riga.

Luba ta fito ta tare ni. Ta dubi wuyana, sai na ga fuskarta ta washe kamar an ce mata ga kujerar Makka.

Ta ce, "Kawu, don Allah kada ka motsa."

Na ce, "Kauce, cina sukai."

Ta ce, "Na sani. Kada ka sosa, za ka murƙushe su. In sun fashe ba a ganin farantin."

Na tsaya da guga a hannu. Ruwa yana nan gabana, guga ɗaya ya raba ni da azaba. Ga kuma yarinya ta haɗa hannu biyu tana kallona, idonta ya kumbura da kuka. Na ajiye gugan. Na ce, "Yi maza, kafin in canza ra'ayi."

Aka kifa turmi a tsakar gida aka zaunar da ni, daga ni sai singileti da wando. Sabi ya riƙe farin tire a ƙarƙashin haɓata. Luba ta bi gemuna da buroshi, a hankali, kamar mai yi wa amarya kwalliya, suna zubowa tana tsince su da bakin buroshin tana sawa a kwalba. Wasu farare-farare, wasu sun yi jajir. Na tambaye ta me ya sa waɗancan suka yi ja. Ta ce sun ƙoshi ne. Ban sake tambaya ba.

Kafin a jima gari ya cika gidan. Mutanen da annoba ta kashe wa kaji duk suka zo, har mai rumbun da ke cara. Suna tsaye suna kallo. Can wani tsoho ya ce wani abu da yarensu, sai gidan ya ɓarke da dariya, mata suna riƙe ciki, Sabi har tire yana rawa a hannunsa.

Na ce, "Mi yac ce?"

Sabi ya share hawaye ya ce, "Cewa ya yi, duk abin da yarinyar nan ta taje a gidan nan, ba ya kwana. Wai in ɗora ruwa."

Na ce, "Gaya mashi namana ya yi tauri, ba ya da haƙoran."

Luba ta sa gilashi ta duba ɗaya, ta ƙirga ƙafafu, takwas. Ta ce ko su wane ne a cikin masu shan jinin, sai ta kai makaranta ta duba gashi da farantin, amma ta fi zaton mazauna sheƙa ne, tunda da rana tsaka suka hau ni. Ta cika kwalabenta. Da ta zo rubuta inda aka samo su, na ce ta rubuta kaza. Ta ce ba ta taɓa kazar ba, abin da ya faru za ta rubuta: a jikin mutum, kusa da sheƙar kaza. Na ce to kada ta sa suna. Ta ce ba a sa wa dabbar da aka samu abu a jikinta suna, jinsi kawai ake rubutawa da kimanin shekaru.

Sai da ta ce ta gama na yi wanka, da sabulun wanki da toka. Inna Bake ta dawo da magariba, ba kaza a hannunta, ta bar ta can sai ta ga ƙurar mashin ɗinmu. Ta ji labari a hanya. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Sannu, Malam. Da na san kai suna so, da ban wahala ba." Ranar tuwon dawa muka ci da miyar kuka, ba nama. Ban taɓa jin daɗin tuwo kamar na ranar ba.

Da gari ya waye muka kamo hanya. Mun ƙetare rafin ke nan ruwa ya sauko, ya bi mu har Tsamiya. Jandarman nan siriri yana bakin shinge, da ya hango akwatin ya ɗaga sanda tun daga nesa. Muka iso Bagudo jiƙe sharkaf. Yaya ta rungume ɗiyarta, ta rungume akwati, ni kuma ta ce na yi ƙiba. Malamin ya sa hannu, daga baya Luba ta bugo ta gaya mini, ta ce iri ɗaya ne da na Geza. Wato abin da na je Benin aka sha jinina a kansa, yana nan bayan gidanmu.

Amma wannan daga baya ne. Ranar da muka dawo, matata Hajo ta ji labari daga bakin Luba tun ban sauke kaya ba. Ta ce ba zan shiga ɗakinta ba. Ta kwashe tufafin da na je da su, har hula, ta zuba a tukunya ta dafa. A zaure na kwana.

Washegari da safe na aika aka kira wanzami. Na zauna bayan gida ɗaure da zanen Hajo, na ce ya kwashe kai da gemu. Ya tambaya ko lafiya, na ce zafi nake ji. Ya ce a bar gashin baki? Na ce kwashe. Yana cikin aski na ga ya tsaya, ya sa bayan askar yana sosa wuyansa.